Ciwon Haƙori Da Aikin Cire Jijiyarsa: Yadda Ake Yin Sa, Hukunce-hukuncensa, Da Maganin Fargabarsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Tambayoyi sun maimaitu a kan wannan mas'ala. Wani ya ce likita ya gaya masa sai an cire jijiyar haƙorinsa, shi kuwa tsoro ya hana shi komawa, shin ya halatta ya haƙura ya bar wa Allah? Wata ta ce ranar da aka ba ta ta faɗo cikin Ramadan. Wani kuma yana tambaya a kan alwala da wanka bayan an yi masa ciko. Shi ya sa na ga ya dace a tattara amsar wuri ɗaya.

Ni kaina na ɗanɗani wannan ciwo. Turmina na ƙasa ya yi kogo, na shafe watanni ina lallaɓa shi da kanumfari da ruwan gishiri, ina ce wa kaina haƙuri nake yi. Sai da aka wayi gari na kasa buɗe baki in karanta Fatiha a sallar asuba, na gabatar da na'ibi, sannan na yarda cewa tsoron allura ne ya riƙe ni, na sa masa sunan haƙuri. Abin da nake so ka riƙe, ɗan uwa, ke ma 'yar uwa, shi ne: zafin da kake gudu a kujerar likita bai kai rabin wanda kake kwana da shi a gida ba, kuma zuwa neman magani yana cikin haƙurin da ake ba da lada a kansa.

Me ke ciwo a cikin haƙori?

Allah Ya halicci haƙori hawa uku. Na waje shi ne farin ɓawon da ake gani, kuma babu abin da ya kai shi tauri a duk jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai ɗan rawaya wanda bai kai shi ƙarfi ba. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, cikinsa akwai jijiyoyin ji da ƙananan hanyoyin jini. Wannan nama yana gangarawa ta wasu siraran hanyoyi cikin saiwar haƙori har ya haɗu da ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba galibi hanya ɗaya gare su, turame kuwa sukan sami 3 ko 4.

Ƙwayoyin cutar da ke cikin baki suna cin ragowar sukari da ke maƙale a haƙori, su fitar da wani tsami mai cin ɓawon a hankali. Wannan shi ne asalin kogo. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, ko da kuwa mai magani a bakin kasuwa ya turara maka hayaƙi ya nuna maka wani abu fari a cikin kwano. Muddin kogon yana hawan waje, ciko kaɗai ya wadatar. Idan ya isa ɗakin tsakiya, naman nan zai kumbura, ga shi kuma bango mai tauri ya kewaye shi ta ko'ina, babu inda kumburin zai faɗaɗa. Wannan matsi shi ne zogin da kake ji yana bugawa tare da bugun zuciyarka. Shi ne kuma dalilin da ciwon ke tsananta da dare: idan ka kwanta jini yakan ƙara taruwa a kai, matsin ya ƙaru.

Lafawar ciwo ba warkewa ba ce

A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Bayan kwanaki na azaba sai ciwon ya ɗauke kwatsam, mutum ya ce alhamdu lillahi, na warke. Sau da yawa abin da ya faru shi ne jijiyar ce ta mutu, saboda haka ba ta ƙara kai saƙon zafi. Ƙwayoyin cutar kuwa suna nan, sun sami mataccen nama suna ci, suna gangarawa har ƙarshen saiwa, inda mugunya za ta taru a cikin ƙashi. Daga nan sai ka ga ƙurji ya fito a dasashi, ko haƙorin ya yi duhu, ko ka kasa tauna a kansa, ko kunci ya kumbura.

Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi asibiti a ranar, ko da dare ne: kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido, wahalar haɗiya ko numfashi, kasa buɗe baki, zazzaɓi mai zafi tare da kumburin fuska. Mugunyar haƙori tana iya bin ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar numfashi, kuma ana rasa rai ta wannan hanya. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar gaggawa, domin cuta ta fi saurin yaɗuwa a jikinsa.

Yadda ake yin aikin

Manufar aikin ita ce a fitar da naman da ya lalace, a wanke hanyoyin, a toshe su, haƙorin ya ci gaba da zama a wurinsa yana tauna. Haƙorin babba yana iya rayuwa ba tare da wannan jijiya ba, domin naman da ke kewaye da saiwarsa yana riƙe da shi.

Da farko za a ɗauki hoton haƙorin don a ga tsawon saiwa da inda cutar ta kai. Sannan a yi allurar kashe zafi a dasashi. Sukarta ba ta wuce daƙiƙoƙi, bayan 'yan mintoci leɓe da gefen harshe za su yi nauyi. Likitoci da yawa sukan shimfiɗa wani ɗan mayafin roba da ke ware haƙorin daga sauran baki, don kada yawu ya shiga ciki, kada kuma ruwan magani ya gangara maƙogwaro. Daga nan sai a huda saman haƙorin, a sa wasu siraran ƙarafa masu kama da allura a share hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ana yi ana wankewa da ruwan maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Idan akwai mugunya, akan zuba magani a ciki, a rufe da cikon wucin gadi, a ba ka wata rana. A zama na ƙarshe sai a cika hanyoyin da wani ƙaro mai kama da roba, a rufe ramin da ciko mai ɗorewa. Turmi yakan buƙaci a sa masa hula daga baya, domin haƙorin da aka rarake cikinsa yana iya tsagewa wajen tauna.

Ana gama aikin a zama ɗaya, ko biyu, wani lokaci uku, kowane zama daga rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi. Abin da za ka ji shi ne danni da ƙarar na'ura da gajiyar buɗe baki. Idan ka ji zafi mai suka, ka sanar a ƙara maka allura, domin haƙorin da ya kumbura sosai yakan buƙaci fiye da guda ɗaya, kuma wannan sanannen abu ne a wurin likitoci.

Kana iya cewa, me zai hana a cire shi kawai a huta? Cirewa ta halatta, ta fi araha, kuma wani haƙorin ya riga ya lalace ta yadda babu makawa sai an cire. Sai dai giɓin da aka bari yakan sa haƙoran gefe su karkata, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe ɗaya. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013 miladiyya, ya yi gargaɗi a littafinsa At-Tasrif cewa kada a yi gaggawar cire haƙori sai an gwada sauran hanyoyi, saboda babu abin da ke maye gurbinsa sosai. Idan kuɗi ne matsalar, ka faɗa wa likita gaskiya, ka tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya har da hula kafin a fara. Asibitocin koyarwa da na gwamnati masu sashen haƙori galibi sun fi sauƙi. Abin da bai dace ba shi ne a fara a bari a tsakiya, domin cikon wucin gadi yana zubewa, cutar ta dawo.

Neman magani da dogaro ga Allah

Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba da labarin cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, an karya masa haƙori, an ji masa rauni a fuska. Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wanke jinin, da ta ga ruwa ba ya tsayar da shi sai ta ƙona guntun tabarma ta sa tokar a kan raunin, jinin ya tsaya. Shugaban masu tawakkali ke nan, an yi masa magani da abin da aka sani a zamanin, bai hana ba. Haka kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ya umarci mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah.

Asalin neman magani halal ne, abin so ne a wurin malamai da yawa. Amma idan barin cutar zai kai ga halaka ko lalacewar wata gaɓa, kuma ga magani sananne da ake kyautata zaton zai yi aiki, to malamai sun ce neman sa ya zama wajibi. Haƙorin da ya tara mugunya har fuska ta kumbura ya shiga wannan babi.

Fargaba da yadda za ka rage ta

Tsoron likitan haƙori ba raunin imani ba ne, ɗabi'a ce ta ɗan Adam, kuma manya da yawa suna fama da shi a ɓoye. Faɗin cewa kana jin ciwo ma ba rashin haƙuri ba ne. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta koka da ciwon kai, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, shi ma ya ambaci ciwon kansa. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah.

Ka lura da wannan hadisi da Muslim ya ruwaito. Usman ɗan Abul As, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kai kukan wani ciwo da ya daɗe yana ji a jikinsa. Aka umarce shi ya ɗora hannunsa a inda yake ciwo, ya ambaci sunan Allah sau 3, sannan sau 7 ya nemi tsarin Allah da ikonSa daga sharrin abin da yake ji da abin da yake tsoro. Addu'a ɗaya ta haɗa abubuwa biyun da ke damun ka: ciwon da ke nan yanzu, da zullumin abin da bai zo ba. Ka nemi lafazinta a littattafan azkar ka haddace ta, ka yi ta a gida, ka yi ta a ɗakin jira. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa gajiya da rashin lafiya da damuwa da baƙin ciki, har ƙayar da ta soki mumini, Allah Yana kankare masa zunubai da su. Damuwar ma an ƙirga ta, ba ciwon jiki kaɗai ba.

Sannan ka riƙi sababai. Ka gaya wa likita tun farko cewa kana jin tsoro, ba kai ne na farko da ya faɗa masa haka ba. Ku yi alkawari da shi cewa idan ka ɗaga hannun hagu zai dakata. Sanin cewa kana da ikon tsayar da aikin yana rage fargabar. Ka nemi zaman safe, don kada ka wuni kana saƙe-saƙe. Ka ci abinci kafin ka je idan ba azumi kake ba, domin yunwa da tsoro idan suka haɗu sukan kawo jiri. A kan kujera ka riƙa shaƙar numfashi ta hanci a hankali, kana fitar da shi a tsawon da ya fi na shaƙar, zuciyarka tana tasbihi, tun da zikirin zuci ba ya buƙatar motsa baki. Wata allurar tana ɗauke da sinadarin da kan sa zuciya ta yi saurin bugawa na 'yan mintoci, sai ya wuce, kada ka ɗauka wani abu ne ya lalace. Kuma ka sanar da likita idan kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ko kana shan maganin tsinka jini. Ke ma idan kina da juna biyu ki faɗa. Ciki ba ya hana a yi maganin haƙori, barin mugunya a jiki ya fi haɗari.

Kafin ranar zuwa

Farasitamol yana rage zafi, amma kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24, domin wuce haddi yana lalata hanta. Ibufurofen ya fi aiki a kan kumburi, sai dai bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai tsohon ciki ba. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana taimakawa, haka ma ɗaga kai da matashi idan za ka kwanta. Kanumfari yana da man da ke kashe zafi na ɗan lokaci, amma ba ya kaiwa inda cutar take.

Ka nisanci sa ruwan batir, ko fetur, ko garin taba, ko dakakken asfirin a kogon haƙori. Suna ƙone dasashi ne su ƙara maka wani ciwon. Ka nisanci tiramol da dangoginsa ba tare da rubutun likita ba, da yawa ta ƙofar ciwo suka shiga shaye-shaye. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis yana iya kwantar da kumburi na kwanaki, amma ba ya isa cikin mataccen haƙori, tun da jini ya daina shiga can. Kuma kada ka miƙa bakinka ga mai cire haƙori a gefen titi da ƙarfen da ba a tsarkake ba, domin ciwon hanta yana yaɗuwa ta jini.

Hukuncin azumi

Allurar kashe zafi a dasashi ba ta karya azumi, domin ba ci ba ce ba sha ba ce, ba ta kuma tsaya matsayinsu ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 10 a Jidda cikin watan Safar 1418, daidai da 1997, ta yanke cewa huda haƙori da cire shi da wanke shi ba sa karya azumi matuƙar mutum ya kiyaye haɗiye abin da ya isa maƙogwaro. Saboda haka ka gaya wa likita kana azumi, ya sa bututun zuƙe ruwa da mayafin robar nan, ka tofar da duk abin da ya taru.

A mazhabar Imam Malik, yi wa lalataccen haƙori magani da rana ga mai azumi makaruhi ne, sai idan ana tsoron cutuwa, kamar yadda Shehu Khalil ya kawo a Mukhtasar. Ke nan idan aikin zai iya jira zuwa dare ko bayan sallah ba tare da cutarwa ba, jinkirtawa ta fi. Idan kuwa ciwon ya tsananta, babu karhanci. In ruwa ko jini ko magani ya rinjaye ka ya wuce maƙogwaro, a wurin Malikiyya za ka rama wannan yini a azumin farilla, babu kaffara a kanka. Wanda zafi ya kai shi ga buƙatar haɗiye magani da rana, marar lafiya ne, Allah Ya yi masa rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya.

Alwala, wanka da sallah

Allurar da ta kashe gefen baki kaɗai ba ta warware alwala, tun da hankali bai gushe ba. Wanda aka sa shi barci gaba ɗaya ko ya suma, shi ne zai sake. Jinin dasashi ba ya warware alwala a wurin Malikiyya da Shafi'iyya. Hanafiyya suna ganin yana warwarewa idan ya kai yawan yawu ko ya rinjaye shi.

Ciko da hula ba sa hana ingancin alwala ko wankan janaba. Kurkure baki sunna ce a wurin Malikiyya da Shafi'iyya, kuma malaman da suka wajabta shi a wanka sun bayyana cewa abin da aka kafa a haƙori don lalura yana ɗaukar hukuncin haƙorin, ruwa ya bi ta kansa ya wadatar. Ba a buƙatar ka kasance da tsarki lokacin da ake sa shi, mai haila ma ana iya yi mata. Idan cire haƙorin aka yi, likita zai hana ka kurkure baki da ƙarfi a yinin farko don kada jinin da ya daskare a ramin ya fita. Ka bi maganarsa, alwalarka ta inganta.

Nauyin baki yakan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya sake. Ka tsara lokacinka, ka yi sallar da ta shiga kafin ka zauna a kujera. Idan lokaci zai fita bakinka bai sake ba, ka yi sallah ka karanta gwargwadon ikonka. Idan sunkuyawa tana tsananta zogi matuƙa, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke Bukhari ya ba marar lafiya damar yin sallah yadda zai iya.

Hular zinare, da likita namiji

Mace ta halatta ta sa hular zinare. Namiji kuwa asali zinare haramun ne a kansa, amma an yi rangwame wajen lalura. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinare. Daga nan malamai suka halatta ɗaure haƙori da zinare don buƙata. A yau akwai hular tangaran mai launin haƙori da ta wasu ƙarafa, saboda haka namiji ya zaɓi waɗannan. Wannan daban yake da haƙorin Makka na zinare da namiji zai sa don ado a kan lafiyayyen haƙori, wannan ba lalura ba ce.

'Yar uwa, ki fara neman likita mace. Idan babu, ko babu wadda ta ƙware a wannan aiki, ya halatta namiji amintacce ya duba ki, ba tare da keɓancewa ba, mijinki ko muharraminki ko wata mace tana wurin, a buɗe iya abin da aikin ke buƙata. Kai kuma maigida, kada ka bar matarka tana kwana da kumburarren kunci da sunan kishi, ka raka ta.

Bayan an gama

Kada ka ci abinci sai bakin ya sake, don kada ka ciji harshe ko kunci ba ka sani ba. Haƙorin zai yi ɗan tsami na 'yan kwanaki, musamman wajen tauna, wannan ba abin damuwa ba ne. Ka guji tauna abu mai tauri a kansa kafin a sa hula. Idan zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko kumburi ya taso, ko cikon ya zube, ka koma. Mafi yawan haƙoran da aka yi wa wannan aiki da kyau suna ɗaukar shekaru masu yawa suna aiki.

Sauran haƙoranka kuma amana ce. Ka lizimci asuwaki wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kwaɗaitar a kansa a kowace sallah, ka haɗa da buroshi da man goge baki safe da dare, ka rage sukarin shayi da lemon kwalba da alawa, kai da 'ya'yanka. Ƙaramin kogon da aka cike yau da kuɗi kaɗan, shi ne babban aikin da aka kauce wa gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya abin da suka sha na wahala ya zama kankarar zunubi. Wallahu a'alam.